Ƙwan LED a fitilar Hilux: yadda na same shi a hanyar Tawa zuwa Yamai da ranar bizit teknik (gwajin lafiyar mota)

Masu tambayata ko ƙwan LED ya ci kuɗinsa sun yi yawa, a tasha da wurin mai shayi har da cikin waya, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu. Ka sayi mai kyau, sannan ka biya wanda ya san aiki ya daidaita maka shi a jikin bango. In ba za ka iya cika duka biyun ba, bar halojin ɗinka, wato tsohon ƙwai mai zare da mota ta zo da shi, inda yake. Hakan ya fi maka alheri, ya kuma fi wa wanda za ku yi kiciɓis da shi cikin dare.

Motata Hilux ce ƙirar 2010, mai ɗaukar ƙwai H4, wato ƙwai guda ke ba da kod (ƙaramar wuta ta kusa) da far (babbar wuta ta nesa). Sana'ata albasa. Daga Tawa in bi ta Badagishiri in fita Tsarnawa, in hau babbar hanya ta Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso har Yamai, tafiyar wajen kilomita 550. Ko yaya mutum ya so kauce wa tuƙin dare, sai duhu ya riske shi a wani yanki, ko na asuba ko na bayan magariba. Wanda ya san hanyar ya san ba rami kaɗai ake tsoro ba. Akwai amalanken jaki da ba shi da ko ƙyalle a baya, akwai raƙumi tsaye tsakiyar kwalta ba ruwansa da ham, akwai babur da fitilar bayansa ta mutu tun bara, ga tirelar da ta lalace aka jera mata rassan itace a madadin alama.

A Yamai na saya, a wani shagon kayan mota da ke wajajen kasuwar Katako. Kala uku mai shagon ya zube mini a kan tebur. Na jikka 6, na jikka 15, da na jikka 35 (jikka ɗaya sefa 1,000 ce), kowanne ƙwai biyu a kwali. Abin dariya, mafi araha shi ya fi cika baki. An rubuta masa lumen 20,000 (lumen ma'aunin yawan haske ne) da manyan haruffa, ga hoton mota tana keta daji. Na ɗan taɓa karatun lantarki kafin kasuwa ta janye ni, saboda haka lissafin bai yi mini wuya ba. Ƙwan halojin H4 na asali yana jan wat 55 a kod, 60 a far, yana ba da lumen wajen 1,000 a kod da 1,650 a far. Wannan na LED kuwa da aka auna shi, abin da yake ja bai wuce wat 25 ba. Raba 20,000 gida 25, ka samu 800 a kowane wat, adadin da ko a ɗakin gwaji ba a taɓa samu ba. Lambar kan kwali ado ce kawai. Na ɗauki na jikka 35 ba don lambarsa ba, sai don siffarsa, kuma a nan ne duk maganar take.

Ɗauki ƙwan halojin H4 ka ɗaga shi a rana. Za ka ga zaren ƙarfe biyu a murɗe, kowanne tsawonsa wajen milimita 5. Ƙarƙashin na gaba akwai wani ɗan kwanon ƙarfe da ya tare shi daga ƙasa. Aikin kwanon nan shi ne ya hana hasken kod sauka kan rabin madubi na ƙasa. Sai hasken ya bugi madubin sama kaɗai, shi kuma ya maido shi ƙasa kan hanya. Waɗanda suka ƙera gidan fitilar sun lanƙwasa madubin ne bisa lissafin cewa haske zai fito daga wannan ɗan wuri, ba gaba ba, ba baya ba. Ya goce da milimita ɗaya ko biyu, lissafi ya rushe.

To, na jikka 35 ɗin siririn allo ne, ƙwayoyin haskensa a jere gefe biyu, hagu da dama, daidai inda zaren halojin yake zama, har da ɗan kwanon an yi masa. Na jikka 6 kuwa sanda ce mai kauri mai fuska huɗu, manyan ƙwayoyi ta ko'ina, babu kwano babu dalili. Mai shagon ya ce matasa shi suka fi so saboda in an kunna shi a hannu har ido sai ya rufe. Gaskiyarsa. Amma fitilar mota ba don a kalle ta aka yi ta ba.

Wanda ya sa mini wani dattijo ne mai gyaran wutar mota a nan Tawa, ɗan Adar, gareji ba rufi sai inuwar bedi da bangon makwabci. Shi na fi so in yaba a wannan rubutu fiye da ƙwan. Da na kai masa da hantsi cewa ya yi, "Alhaji, bar ta nan, ka komo bayan magariba. Fitila ba a gyaranta da rana." Da na komo ya sa yaronsa ya duba iskar tayoyi huɗu, ya sa aka sauke buhunan da ke baya, ya ja motar wuri mai shimfiɗe, hancinta na kallon bango daga nisan mita 10. Ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa da igiya, ya je bango ya ja layi da gawayi a wannan tsayin, ya ja wani santimita 10 ƙasa da shi. Ƙa'idar ke nan: hasken kod ya riƙa sauka kashi 1 cikin 100 ko ɗan fiye, kuma adadin a rubuce yake a jikin gidan fitila ga mai son dubawa.

Ya fara kunna tsohon halojin don mu ga asali. Layi ya fito a bango, sama duhu, ƙasa haske, daga tsakiya kuma layin ya ɗaga ya hau dama. Wannan hawan na dama don a ga masu tafiya a ƙasa da allunan gefen hanya ne, tun da mu dama muke bi, hagu kuma an danne shi don idon mai zuwa. Sai ya sa nawa sabo. Layi ya fito, ya ma fi na halojin kaifi, amma ya karkace. Ya sassauta ɗan kusa, ya juya ƙwan cikin zobensa sannu a hankali, yaron na tsaye a bango yana cewa "ƙara, ƙara, tsaya," har allon ya tsaya cak a tsaye. Sannan ya kama kusoshin saiti na bayan fitila ya sauko da layin kan gawayi na biyu.

Akwai irin na jikka 6 a akwatinsa, wanda ya cire wa wani mai taksi. Na ce, "Baba, sa shi mu gani." Ya sa a gefe guda. Bango duka ya yi fari, tun daga ƙasa har ganyen bedi, layi ya ɓace, tsakiya kuma, inda ake buƙatar haske ya taru ya yi nisa, wani duhu-duhu ne. Mai kyau yana zuba haske kamar ruwa daga bakin buta, wannan kuwa kamar an kifar da ƙwarya. Dattijon ya nuna ganyen ya ce, "Wanda ya hau bisa duk ba naka ba ne, Alhaji. Na idon mutane ne."

Abu biyu ya ƙara yi da ba kowa ke yi ba. Na farko, bai jefar da robar da ke rufe bayan fitila ba. Yara da yawa in suka ga fankar ƙwan ta hana roba zama, sai su yanke ta ko su wurgar, kafin hunturu ya fita ƙura ta shiga ta dusashe madubi, kuma madubin ciki in ya dusashe ba ya gogewa. Shi zoben ya fara sawa ya danne da ƙarfensa, ya maida roba, sannan ya zura ƙwan ta tsakiyarta, fanka ta zauna a waje. Na biyu, ya lura ɗan shuɗin hasken da ke nuna far a gaban direba ya daina kamawa. Wasu Toyota haka wayarsu take, in abin da fitila ke ja ya ragu sai alamar ta yi shiru. Ya ƙara wani ɗan rezistans, abin da ke ƙara jan wuta, ya ɗaure shi a jikin ƙarfe nesa da wayoyi saboda zafinsa, alama ta dawo. Duka aikin jikka 3 ya karɓa, kuma da ya ce 5 da na biya ba musu.

A kan hanya, abin da na fara lura da shi gefe ne, ba nisa ba. Faɗin hasken ya ƙaru, ina ganin awaki da yara a bakin kwalta tun kafin su yanke shawarar tsallakawa. Alluna masu ƙyalli da farin fentin hanya suna tashi tun daga nesa. In na ba wani wuta, nan take take kamawa, babu ɗan jinkirin nan na halojin. Batir ma ya huta, don abin da fitilun ke ja ya ragu da fiye da rabi. Nisa ya ƙaru, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Akwai wata yaudara a nan da ya kamata direba ya sani: in gaban mota kusa-kusa ya yi fari tas, ƙwayar ido takan tsuke, sai ka ji kamar kana gani sosai alhali abin da ke can nesa ya ƙara ɓuya. Masu ƙwan jikka 6 da ke rantsuwa cewa dare ya zama musu rana, mita 20 na gabansu suke gani.

Inda ya ba ni haushi hunturu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauko ko wata babbar mota ta tayar da ƙura a gabanka, farin hasken nan dawowa yake cikin idonka. Far ba ya amfani sam, sai ka koma kod ka rage gudu. Halojin haskensa ja-ja ne, a ma'aunin launin haske wajen kelbin 3,200, na LED kuwa 6,000 zuwa 6,500, fari mai ɗan shuɗi, kuma a idona shi ya fi gajiyarwa cikin ƙura. Da damina ma, kwalta in ta jiƙe sai ka ga kamar ta shanye hasken. Dattawanmu da suka tuƙa Peugeot 404 da 504 masu fitila ruwan ɗorawa suna da abin faɗa a nan. Faransa ta wajabta wannan launi tun 1937, ba ta sake shi ba sai 1993, shi ya sa tsoffin motocin da suka zo mana daga can duk haka idonsu yake. Da zan sake saye, zan nemi mai kelbin 4,300 ko 5,000, ko da yake a shagunanmu fari tas ɗin ne ya cika kanta.

Sai zafi. Mutane na cewa LED ba ya zafi. Yana yi, ta baya yake fitar da shi, shi ya sa aka sa masa fanka. A Afrilu da Mayu, lokacin da Tawa ke wuce digiri 40, ga zafin inji a kusa, ƙwan yakan rage haskensa da kansa bayan ɗan lokaci don kada ya ƙone. Nawa ina ganin ragin amma bai kai ya dame ni ba. Fankar ita ce lagonsa. Ranar da ƙura ta toshe ta ta tsaya, ƙwan ya kama hanyar mutuwa. Duk lokacin da na kai mota a canza mai ina sa a hura mata iska. In ka kashe inji ka bar wuta a kunne za ka ji ɗan kukanta, ranar da ba ka ji ba ka san akwai magana. Ya ga hunturu, ya ga bazara, ya ga damina, har yanzu yana aiki. Rediyo kuwa, in na yi nisa da gari tashar FM ta yi rauni, ina kunna fitila sai shuuu ya ƙaru. Kaɗan ne a nawa. A motar wani abokin sana'ata mai na araha, labarai ma ba ya iya saurara da dare.

Yanzu maganar doka, wadda ita ce ta fi damun masu tambaya. Duba gilashin fitilarka ko jikin gidanta, in motar ta Turai ce za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa: 1 Jamus, 2 Faransa, 4 Holan. Kusa da shi za ka ga HCR ko HC. Wannan H ɗin halojin yake nufi, wato an gwada gidan an amince da shi da ƙwan halojin ne. A dokar Turai, ka sa masa wani iri, amincewar ta faɗi. Shi ya sa yawancin kwalayen LED, har da nawa, in ka juya baya za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa ba na hanyar jama'a ba ne. Ingila tun Janairun 2021 take kayar da mota a gwajin shekara in an sa LED cikin gidan halojin, sai dai ta sassauta wa babura da motocin da suka fara aiki kafin Afrilun 1986. Jamus ta bi wata hanyar. A 2020 ta amince da ƙwan Osram Night Breaker LED, a 2021 ta amince da Philips Ultinon Pro6000, amma ba ga kowace mota ba, sai waɗanda aka gwada gidan fitilarsu ɗaya bayan ɗaya aka sa cikin jeri. Faransa ma daga baya ta bi wannan tsari. A ganina Jamusawa sun fi kama gaskiyar lamarin, don ƙwan da ya yi kyau a gidan wata mota zai iya watsewa a na wata.

Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ta ce fitilar gaba ta zama fara ko ruwan ɗorawa, kod kuma kada ya kashe wa mai zuwa ido. A wurin bizit teknik, abin da na gani da idona ya yi daidai da haka. Bayan an duba takardu, an hau rami an leƙa ƙasan mota, an gwada birki, sai jami'in ya turo wata na'ura mai tayoyi gaban fitila, akwati ne mai gilashi da ɗan allo a ciki. Ya ce kod, na kunna. Ya leƙa. Ya ce far. Ya koma ɗaya gefen, ya duba sigina da wutar birki da ta lamba. Bai buɗe bonet ya ce wane irin ƙwai ne ba. Layin ya gani, tsayinsa ya auna, ya ga launin biyun ɗaya ne, ya wuce. Motar da ke gabana kuwa, wata ƙarama mai ƙwai shuɗi-shuɗi, ya daɗe yana leƙen allon, ya kira mai ita ya ce, "Malam, zo ka nuna mini layin da zan auna." Babu. Aka ce ya je ya gyara ya komo. Jandarmomi a hanya su ma ban taɓa jin sun tambaye ni irin ƙwai ba. Permi (lasin tuƙi), kartigiris (takardar rajistar mota), inshora da takardar bizit suke nema, sai kuma mota mai ido ɗaya da ba sa bari ta wuce.

Amma takardar bizit ba ta san abin da ka ɗora wa mota washegari ba. An auna ta ba kaya, kai kuma ka loda mata albasar Galmi har baya ya zauna, hanci ya ɗaga. Layin da ke sauka ya koma hawa, kod ɗinka ya zama far a idon mai zuwa. Da halojin abin da sauƙi, da LED azaba ce. Motoci da yawa na Turai suna da ɗan maballi mai lamba 0, 1, 2, 3 kusa da sitiyari don sauko da fitila in an yi lodi, kuma na rantse rabin direbobinmu ba su taɓa juya shi ba. A Turai fitilar da kod ɗinta ya wuce lumen 2,000 dole ta zo da abin da ke daidaita tsayinta da kanta da kuma abin wanke gilashi. Mu da muke sa ƙwai mai ƙarfi cikin tsohon gida ba mu da ko ɗaya, saboda haka hannunmu ne zai yi aikin. In masu zuwa suna ta ba ka wuta alhali kana kod, ba rashin kunya suke maka ba.

Masu ɗora doguwar sandar LED a rufin mota su kunna ta tsakiyar gari, da ƴan kabu-kabu masu ƙwai mai walƙiya, ba zan ɓata musu tawada ba. Sandar nan ta dajin bayan Abalak ce, inda ba kowa a gabanka.

Wa zan ba shawarar ya saya? Mai gidan fitila garau, madubi na ƙyalli, wanda ke yawan tafiyar dare. Mai fitila irin mai ƙwallon gilashi a ciki ya fi kowa morewa, don ita tana da ƙarfen da ke yanke haske da kanta. Masu Mercedes da Volkswagen na baya-bayan nan su tambaya tun a shago ko ƙwan zai sa kwamfutar mota ta riƙa kukan cewa fitila ta mutu. Wanda kuwa gilashinsa ya yi jawur saboda rana da yashi, LED ba zai yi masa magani ba, zai ƙara watsa hasken ne. Ya fara da gogewa. Ya sa a auna wutar da ke isa bakin ƙwai, don a tsohuwar waya takan zube a hanya, kuma halojin in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa na raguwa da wajen kashi 30. Rilai biyu (makunnin da ke kawo wa fitila wuta kai tsaye daga batir) da waya mai kauri da sabon halojin na kirki sukan dawo da fitilar da aka fidda rai da ita, a kuɗin da bai kai rabin abin da na kashe ba.

Mai shagon ya ce mini garanti wata 6 ne, da baki. Na sa ya rubuta a bayan rasit ya sa hannu, kai ma ka yi haka. Tsoffin halojin ɗin kuma kada ka bar wa yaran gareji. Naɗe su cikin tsumma mai tsabta ka ajiye a aljihun mota, don LED in zai mutu ba ya sallama, kuma maida halojin aikin minti kaɗan ne ko a bakin hanya. In za ka sa shi, riƙe shi ta gindin ƙarfe, maiƙon yatsa a kan gilashin yana sa ya ƙone da wuri.